Littafin Ma'aji da Masu Cin Bashi da Sunan Wani

'Yan'uwa manoma, kafin ruwa ya sauka kowace ƙungiyarmu za ta sake tara sunaye domin neman rance da takin zamani. Ma'aji ko magatakarda zai zauna da littafi, kowa ya zo ya faɗi sunansa, da ranar haihuwarsa, da lambar wayarsa, da lambar BVN ta banki, da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Mun saba da wannan aiki har ba mu ɗauke shi a bakin kome ba. A wannan fitowa muna so mu ce littafin nan ya fi akwatin kuɗin ƙungiya daraja, ko da yake yawancinmu akwatin muka fi tsarewa. In aka sace kuɗi, ran nan za a san ko nawa ne, a yi baƙin ciki, a sake tarawa. Amma in abin da ke cikin littafin ya fita, mai shi yana iya yin shekara biyu bai sani ba. Sai ran da ya je banki neman rance a ce masa, ai akwai tsohon bashi a kansa, alhali kuwa ko kobo bai taɓa karɓa ba.

Domin mu gane girman abin, bari mu ba ku labarin wani kamfani a Amurka. Labarin na nesa ne, amma za ku ga kamanninsa a gida.

Abin da ya sami Equifax

A birnin Atlanta na jihar Jojiya akwai kamfani mai suna Equifax. An kafa shi a shekara ta 1899, aikinsa na fari kuwa shi ne tara wa masu kantuna labarin abokan cinikinsu, wane ne ke biyan bashi a kan lokaci, wane ne ke taurin bashi. Wato irin abin da kowane mai shago a kasuwar ƙauye yake riƙe da shi a ka ko a ɗan littafi. Da tafiya ta yi tafiya sai kamfanin ya girma, ya zama ɗaya daga cikin manya guda 3 da ke ajiye tarihin bashin mutanen Amurka. Sauran biyun su ne Experian da TransUnion. Wanda ke neman rancen gida ko na mota, ko katin bashi, wani lokaci ma har mai neman ɗakin haya, sai an tambayi waɗannan kamfanoni halinsa. Mutanen da sunansu ke ciki ba su ne suka kai kansu ba. Bankuna da masu ba da rance ne ke aika labarinsu, ko suna so ko ba su so.

A watan Maris na 2017 aka gano wata ɓaraka a cikin wata manhajar kwamfuta da kamfanoni da yawa ke amfani da ita, har da Equifax. Masu manhajar suka fitar da faci, hukumomin Amurka kuma suka aika da gargaɗi cewa kowa ya toshe nasa. A Equifax saƙon ya zaga ofisoshi, amma wurin da ke da ɓarakar ba a taɓa shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsakiyar watan Mayu ɓarayi suka shiga ta intanet, suka yi kwana 76 suna kwasa ba wanda ya lura. A ciki suka tarar da kalmomin sirri na wasu rumbunan bayanai a rubuce fili, kamar wanda ya rataye mabuɗan rumbunansa duka a jikin ƙofar zaure. Na'urar da aka sa ta lura da abin da ke fita kuwa, takardar izininta ta daɗe da ƙarewa, ba wanda ya sabunta. Ran 29 ga Yuli aka sabunta ta, nan take aka ga ɓarnar.

Abin da aka kwashe ya shafi mutum wajen miliyan 147, kusan rabin jama'ar Amurka ke nan. An ɗauki sunayensu, da ranar haihuwa, da adireshi, da lambar nan mai alƙaluma 9 da gwamnatin Amurka ke ba kowa, wadda ake nema wajen aiki da haraji da rance. An kuma ɗauki lambar katin bashi ta mutum wajen 209,000. Har mutanen Ingila da Kanada abin ya taɓa.

Kamfanin bai faɗa wa jama'a ba sai ran 7 ga Satumba. Ku lasafta, kwana 40 ke nan. A ganinmu wannan shirun ya fi rashin sa facin muni. Rashin sa faci sakaci ne, kowane ofishi yana da malalaci. Amma shiru shawara ce da manya suka yanke. Cikin kwanakin nan 40 mutum miliyan 147 suna barci ƙofarsu a buɗe, wanda ya san a buɗe take kuwa bai tashe su ba. Wani babban ma'aikacin kamfanin ma, da ya gane abin da ya faru, sai ya yi maza ya sayar da hannun jarinsa tun labari bai fita farashi ya faɗi ba. Kotu ta ɗaure shi wata 4 a shekara ta 2019. Shugaban kamfanin, Richard Smith, ya sauka daga kujerarsa a ƙarshen watan Satumba na 2017. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Amurka ta tuhumi wasu sojojin ƙasar Sin guda 4 da wannan sata, gwamnatin Sin kuwa ta musa.

A watan Yuli na 2019 Equifax ya yarda zai biya har dala miliyan 700 na tara da diyya. Kuɗin yana da yawa a kunne. Amma an ce wa mutane suna iya neman dala 125 kowannensu, alhali dala miliyan 31 kaɗai aka ware domin wannan. Masu nema suka yi yawa, abin da ya isa hannun kowa bai taka kara ya karya ba. Ko da ma an biya su cif, wa zai sake wa mutum ranar haihuwa? Banki yana iya soke kati ya ba ka sabo cikin mako guda. Sunanka da ranar haihuwarka da lambarka ta ɗan ƙasa kuwa da su za ka mutu. Wanda ya sace su a 2017 yana iya ajiye su shekara goma kafin ya taɓa.

Abu guda mai amfani ya fito daga wannan masifa. Majalisar Amurka ta yi doka, daga ran 21 ga Satumba na 2018 kowa yana iya sa wa tarihin bashinsa kwaɗo kyauta. Dā a jihohi da yawa sai an biya. Ga yadda kwaɗon ke aiki. Mutum ya gaya wa kamfanonin nan guda 3, kowanne dabam, kada su nuna tarihinsa ga sabon mai ba da rance. In ɓarawo ya je neman bashi da sunansa, banki zai nemi tarihin, a ce masa a kulle yake, shi ke nan ba rance. Ran da mai sunan yake son rance da kansa sai ya buga waya a buɗe, doka ta ce cikin awa guda. Iyaye ma suna iya kulle na 'ya'yansu da ba su kai shekara 16 ba, gama ɓarayi suna son sunan yaro ƙwarai, tun da yake ba wanda zai duba sai ya girma. Dabarar mai sauƙi ce. Tun da ba a iya komo da abin da ya fita, sai a sa ya zama ba shi da amfani a hannun wanda ya ɗauka.

To, ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan ai maganar masu katin bashi ce, mu da ko lantarki ba mu da shi. Shekara ashirin da suka wuce da mun yarda da shi. A lokacin, shaidar mutum a wurin rance ita ce fuskarsa da bakin dattawan da suka san shi. Yanzu lamba ce. Babban Bankin Nijeriya ya kawo BVN a watan Fabrairu na 2014, alƙaluma 11 da ke ɗaure dukan asusun mutum a kowane banki wuri ɗaya. NIN ma alƙaluma 11 ne, kuma tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce sai an haɗa shi da layin waya. Da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, manoma a ƙungiya-ƙungiya suka shiga, kowa da BVN ɗinsa. Da yawa cikinmu a lokacin ne muka fara rubuta lambobin nan a littafin ƙungiya.

Mu ma muna da namu irin na Equifax. A shekara ta 2017, wato shekarar da aka yi waccan sata, aka sa hannu a kan dokar tarihin bashi ta Nijeriya. Akwai kamfanoni 3 masu lasisin Babban Banki da ke wannan aiki, CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna manya da ƙanana suna aika musu labarin wanda ya ci bashi da yadda yake biya. Idan kana da asusu kuma ka taɓa karɓar rance, mai yiwuwa sunanka yana can, ko ba ka taɓa jin sunansu ba sai yau. Har wa yau, tun ran 1 ga Agusta na 2020 akwai tsarin da ya ba banki dama, in wanda ya sa hannu a kan rance ya ƙi biya, a bi BVN ɗinsa a cire kuɗin daga asusunsa na wani banki dabam. An yi tsarin domin masu taurin bashi, ba mu kuwa ga laifinsa a kansu ba. Amma ku duba abin da zai faru in wani ne ya sa hannun da sunanka. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Bayanan kuwa suna fita. A shekara ta 2024 'yan jarida da wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative sun nuna cewa akwai shafuka a intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane, wani ma a kan naira 100 kacal. Hukumar katin ɗan ƙasa ta ce ba a fasa rumbunta ba. Mu ba alƙalai ba ne a wannan magana. Ga manomi duk ɗaya ne, ko ta ƙofa aka fitar ko ta taga. A shekara ta 2025 kuma hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan samari da ke yawo suna sayen NIN da BVN a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar wa wasu, a buɗe asusu da su ana zamba. Wannan ya fi ba mu tausayi, gama ba fasa rumbu aka yi ba, mai hatsin ne ya miƙa da hannunsa a kan kuɗi ƙalilan. In aka yi damfara da asusun, sunan da 'yan sanda za su gani nasa ne.

Kada mu firgita mutane fiye da kima. Lambar BVN ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi daga asusu. Ɓarawo yana bukatar ƙari, wato layin wayarka, ko lambar sirrin katinka, ko 'yar lambar nan da banki ke aikowa ta waya wadda ake amfani da ita sau ɗaya. Amfanin littafinmu a gare shi shi ne ya sami abin da zai yaudare ka da shi ka ba shi sauran. Zai bugo waya ya kira ka da cikakken sunanka, ya faɗi ranar haihuwarka, ya faɗi sunan ƙungiyarku da buhu nawa ka nema. Ya ce shi ma'aikacin banki ne, rancenka ya fito, ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wa zai yi shakkar mutumin da ya san wannan duka? Ga kuma kamfanonin rance na waya, waɗanda ba su ganin fuskar kowa. Inda binciken irin waɗannan ya yi rauni, suna da lamba da layi sun isa a karɓi bashi.

A ƙungiya kuwa ciwon mutum ɗaya na kowa ne. Masu ba da rance sukan duba sunaye ɗaya ɗaya. In aka tarar da baƙin bashi a kan mutum guda, takardar duka tana iya tsayawa, ko a cire shi. Kafin a gama bincike ruwa ya sauka, taki ya zo bayan an yi noman fari. Mun san abin da jinkirin mako uku ke yi wa masara.

Yanzu mu dubi kanmu

Yana da sauƙi a zagi Equifax. Amma mu faɗi gaskiya, wane laifi suka yi da ba mu yi irinsa a ƙaramin ma'auni? Mu masu rubuta wannan takarda ba mu fid da kanmu ba. Mun sha ganin jerin sunaye da lambobi a kan tebur, kowa ya shigo ya ɗaga ya duba. Mun ga an ɗauki hoton shafi guda an tura a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu domin kowa ya duba ko an rubuta nasa daidai, wato kowa ya sami na kowa ke nan. Mun ga an kai takardu shagon fotokwafi a gari, waɗanda suka fito da duhu aka bar su a can, washegari mai ƙosai tana ƙunsa da su. Tsohon magatakarda ya sauka shekara biyar da suka wuce, littattafan suna ɗakinsa har yanzu, yara suna yagar takarda. Dattijo ba ya gani sosai, sai ya miƙa wa mai POS katinsa ya faɗi lambar sirri da ƙarfi a tsakiyar kasuwa.

Wanda ya fi damunmu shi ne baƙo mai fom. Mutum ya sauka daga mota da riga mai tambari da tarin takardu, ya ce tallafi ya zo, ko taki kyauta, a kawo sunaye da lambobi kafin yamma. Saboda kada a bar mu a baya sai mu tara masa har da hotuna, mu raka shi mota da godiya. Bayan wata shida ba taki ba labari, mu ce gwamnati ce ta saba alkawari. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa mutumin ya riga ya sami abin da ya zo nema. Ra'ayinmu shi ne kada wata ƙungiya ta ba baƙo lambar ko mutum ɗaya a ranar da ya zo. A karɓi sunansa da na ofishinsa, a aiki mutum biyu su je ofishin gona na ƙaramar hukuma ko reshen bankin da ya ambata su tambaya. Shirin gaskiya ba ya lalacewa domin kwana uku. In ya ce lalle sai yau, ya riga ya ba ku amsa.

Mun san akwai masu cewa wannan zai kawo zargi a tsakanin 'yan'uwa. Ma'aji zai ce, ashe ba ku amince da ni ba? Mun ji wannan, kuma ba mu raina shi ba, gama ƙungiya ba ta tsayawa sai da aminci. Amma ai akwatin kuɗi muna sa masa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin shugaba, ba wanda ya taɓa cewa zagi ne. Kwaɗon yana tsare ma'ajin kansa, domin ran da abu ya ɓace ba shi kaɗai za a duba ba. A yi wa littafin lambobi haka. A raba shi da littafin halartar taro da na adashi, waɗanda ke yawo hannu hannu. A rubuta ranar da aka fitar da shi, da wanda aka ba, da dalili. Abin da banki bai nema ba kada a tara. In aikin takarda ya ƙare a ƙone ta a gaban mutum biyu. Sabon magatakarda kuma ya karɓi tsofaffin littattafai a ranar da ya karɓi aiki.

Akwai kuma doka. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya, aka kafa hukuma dominta. Dokar ta ce wanda ke riƙe da bayanan mutane, in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ya sanar da hukumar cikin awa 72, in hatsarin babba ne kuma ya gaya wa mutanen da kansu ba tare da jinkiri ba. Awa 72 kwana uku ne. Ku gwada da kwana 40 na Equifax.

In abin ya riga ya faru

A ce ma'aji ya dawo daga kasuwa ba jakarsa, littafin kuwa yana ciki. Ko wayar magatakarda ta ɓace da hotunan takardu. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya yi shiru, watakila a tsinta, watakila ɓarawon kuɗi kaɗai yake so. Kunya ce, mun gane. Amma muna roƙo, ya faɗa a ranar. Mu kuma sauran mu yi alkawari tun yanzu cewa wanda ya faɗa da wuri ba za a ci masa fuska a taro ba. In muka saba wulakanta mai kawo mugun labari, mu ne muke koya wa na gaba ya ɓoye. A kira taron gaggawa, a aika wa waɗanda ke nesa, har da mata da ba su cika zuwa taro ba amma sunansu yana cikin littafin. A gaya wa kowa a fili abin da ya fita: suna ne kaɗai, ko har da BVN da NIN da lambar asusu.

Daga nan kowa ya fara da layinsa, gama layin waya shi ne ƙofar asusu yanzu. Wanda wayarsa ta ɓace ya toshe asusunsa tun kafin ya nemi wayar. Bankuna suna da 'yar lamba da ake dannawa ko daga wayar wani a rufe asusu, kowane banki da tasa. Ku tambaya tun yau, a rubuta a bangon littafin ƙungiya, kada a jira ranar kuka. Sa'an nan ya je ofishin kamfanin waya a rufe tsohon layin a dawo masa da lambarsa. Wanda kuma wayarsa tana hannunsa amma layin ya mutu haka kawai, maƙwabta nasu yana aiki, kada ya ce matsalar sabis ce ya kwana biyu. Mai yiwuwa wani ya je ya karɓi layin da sunansa. A sa wa layi lambar sirri tasa, domin in an cire shi aka sa a wata waya ya ƙi buɗewa. A sake lambar sirrin kati, kada kuwa a sa shekarar haihuwa, tun da ita tana cikin abin da aka sace.

A sa rai za a bugo waya. Makonnin da ke biye da irin wannan ɓata su ne lokacin masu kira da sunan banki. Ka'idar guda ce, a maimaita ta a kowane taro har tsofaffi su haddace: ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ko lambar da aka aiko ta waya. Wanda ya tambaya, a kashe wayar, a je reshe da ƙafa.

A kai rahoto wurin 'yan sanda a karɓi takarda, a kuma rubuta wa bankin da ƙungiya ke hulɗa da shi wasiƙa, a riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Mutanenmu ba su son wannan, suna ganin ɓata lokaci ne da kuɗin mota. Littafin ba zai dawo ba, gaskiya ne. Amfanin takardar yana gaba. Ran da aka ce wani ya ci bashi a watan Yuli, takarda mai hatimin watan Afrilu da ke cewa an sace bayanansa ita ce za ta yi masa magana.

Sai abin da muke ganin kowace ƙungiya ya kamata ta mai da shi al'ada, ko an yi sata ko ba a yi ba. Dokar 2017 ta ba kowa dama ya ga tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba shi dama ya yi gardama in an rubuta abin da ba haka ba. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa nema. A zaɓi lokacin rani, bayan an gama girbi kafin a fara neman sabon rance. A sami saurayi ko budurwa mai amana da ya iya waya, ya zauna da kowane mutum shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, gama bashin mutum sirrinsa ne. Wanda ya ga rancen da bai san da shi ba ya rubuta wa kamfanin tarihin da kuma wanda ya ba da rancen, ya ce ba shi ba ne, ya nemi a nuna masa takardar da aka cika da lambar wayar da aka yi amfani da ita da asusun da kuɗin ya shiga. Kada ya biya ko naira ɗaya domin a rabu da shi, gama biyan yana iya zama kamar ya amsa bashin. In banki ne kuma ya yi mako biyu bai warware ba, Babban Banki yana da sashen sauraron koken masu hulɗa da bankuna, a kai can tare da kwafin kome.

Kwaɗon da muka ba da labarinsa dokar Amurka ce, mutanen can ma ba su same shi kyauta ba sai da mutum miliyan 147 suka shiga uku. Manomi yana neman rance sau ɗaya ne a shekara, sauran wata goma sha ɗaya ba dalilin da zai sa sunansa ya zauna a buɗe ga kowane mai ba da bashi ta waya. Muna ganin ya dace manyan ƙungiyoyinmu na jiha su ɗauki wannan magana su kai wa wakilanmu a majalisa da Babban Banki: a ba kowa hanya mai sauƙi, kyauta, wadda ƙaramar waya ma za ta iya, ya kulle sunansa ya buɗe lokacin da ya so. Ƙungiyar da ta yarda da wannan ta rubuta shi cikin shawarwarinta na taron shekara, ta aiko mana da kwafi, mu haɗa su wuri ɗaya kafin babban taro.